Fararen Ɓeraye a Kwarbai

Da aka rufe jami'a saboda yajin aiki, Dakta Nasidi ya kwaso fararen ɓerayensa ya kai gidansu na gado a Kwarbai, kada yunwa ta riga shi kashe su.

Aikin nasa ba wuyar faɗi. Zai kaɗa ƙararrawa, ya ɗan ɗana wa ɓera lantarki a ƙafa. Washegari ƙararrawar kaɗai ta isa ɓeran ya ƙame. Sai Dakta ya cire kan, ya sa ƙwaƙwalwar a ƙanƙara, don a gano waɗanne ƙwayoyin gado tsoro ya tasa daga barci. A Turai digiri ake bayarwa a kan wannan. A Kwarbai kuwa, Bahago mai kwasar shara ne ya tsinci fararen ɓeraye babu kai a bola, a makon da ɗan maƙwabciyarsu Ummukulsum ya fara zabura yana ihu.

Bayan la'asar ƙofar gida ta cika. Daga zaure Nasidi na jin ana buga sanduna a ƙasa, wani yana tambayar wa ya riƙo ashana. Baffansa Malam Tanko ya kamo hannunsa.

"Fito, kafin su shigo da kansu. Kuma ka kama bakinka."

Bai kama ba. Malamin jami'a ne, kuma an yi masa tambaya.

"Dakta, me kake yi da kawunan?" in ji Bahago.

"Tsoro nake dasawa a ciki, in ga abin da ya canja."

"Na ɓera kaɗai?"

"To, na mutum ma kusan haka yake aiki."

Dutse ya daki ƙyaure daf da kunnensa. Daga baya Ummukulsum ta ce a tambaye shi wa ya turo shi kan ɗanta. Wani ya matso da galan ɗin kananzir, buɗe, har warin ya shiga maƙogwaron Nasidi.

Malam Tanko ya sha gabansa. "Jama'a, ku rufa mana asiri. Tun da yaron nan ya dawo daga Turai kansa ba daidai ba, kunya ta hana mu faɗa. Wane boka kuka taɓa gani yana saya wa ɓera madara, shi yana kwana da gari?" Ya juyo. "Nasidi, gaya musu abin da ka gaya mini."

Nasidi bai taɓa gaya masa komai ba. Ya dubi baffansa, ya dubi galan.

"Ɓerayen suna yi mini magana," ya ce.

"Allah sarki," in ji wani tsoho. "Bokon ke nan."

Aka sauke sanduna. Aka fito da kejin ɓerayen aka ba magen unguwa abin da ke ciki, aikin shekaru. Har yau in Dakta ya zo wucewa, a hankali ake gaishe shi, ana janye yara daga hanya.