Wanda Ba a Taɓa Zargi Ba

Yayana tela ne, amma a ransa ɗan sanda ne da aka yi wa rashin adalci aka ba shi keken ɗinki. Littattafan kisan kai da bincike sun cika masa durowar da ya kamata a ce zare ne a ciki. Ni ƙanwarsa, mai sa maɓalli a shagon, na sha labarin gawawwaki har na ƙoshi. Duk karatun nan darasi ɗaya ya tsinta: mai laifi kullum shi ne wanda ba a zata ba.

Ran Laraba leshin wata hajiya ya ɓata, yadi biyar. Maimakon a duba ƙarƙashin tebur kamar masu hankali, sai Yaya ya rufe ƙofa, ya tara mu mu uku, ya goya hannu a baya yana zagaye shago. Wallahi daɗi yake ji. Shekara da shekaru yana jiran a yi masa sata.

Ya wuce mai guga, wanda kowa ya san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. “Kai ka yi kama da ɓarawo da yawa,” in ji shi, “ba kai ba ne.” Ni kuma ya ce ba ni da basirar. Sai ya tsaya gaban Baba mai almakashi, dattijon da ke yanka mana yadi tun zamanin mahaifinmu, wanda mabuɗin shago ke aljihunsa.

“Baba, shekara ashirin da biyu ko ƙyalle ba ka taɓa ɗauka ba. Ba wanda zai zarge ka. To a nan ka kama kanka.”

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Baba bai yi ba. Ya ajiye mabuɗin a kan tebur, ya naɗe almakashinsa a tsumma, ya fita.

Ran Asabar wata mata ta dawo da leshin. Yaya ne da kansa ya cusa shi a ledarta tare da kayan yaranta, idonsa na kan littafi.

Na raka shi ba da haƙuri, don ni kunya ta kusa kashe ni. Muka sami Baba a ƙofar gida yana shan iska. Yaya ya durƙusa, ya fara bayanin yadda hujjoji suka ruɗe shi.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Na yafe maka, ɗana. Amma da ka ce ka gan ni da leshin, da sai in rantse. Kai kuwa ka ce amanata ce ta tona ni. In na dawo, da me zan wanke kaina gobe? In fara ɗauka?”

Baba ya tambayi lafiyar innarmu, ya shige gida.