Matakin da Aka Bari a Maiha

Fitinar daga Zumuntar Mata ta coci ta taso. Bayan an gama waƙa ranar Laraba, matar Vandi ta ɗaga waya tana nuna wa ƙawaye saƙon banki na fanshon mijinta. Miriyamu ta leƙa, ta ga ya fi na mijinta Kwaji. To, Kwaji da Vandi rana ɗaya aka ɗauke su malaman gona a ƙaramar hukuma, rana ɗaya kuma suka ajiye aiki.

Ta dawo gida Sabon Layi ko mayafi ba ta cire ba.

"Baban Victoria, ina kake kai sauran?"

"Sauran me?"

"Ko akwai wata a Nassarawo da ban sani ba?"

Kwaji ya rantse har da ɗaga hula, amma da ta ce ya faɗi yadda ake lissafin, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Shi dai abin da ya shigo yake karɓa, ya ce an gode. Tun daga ranar ta daina yi masa hira, shi kuwa Kwaji bai iya zaman shiru ba.

Da ƙungiyar 'yan fansho ta matsa aka turo jami'a ta yi bayani a bainar jama'a, Kwaji ya ɗauko matarsa a Keke Napep, ya zaunar da ita a bencin gaba.

Jami'ar, Habibat, ta ce abu biyu ake dubawa: shekarun aiki, da albashin matakin da mutum ya sauka a kai.

Miriyamu ta miƙe. "'Yata, shekarunsu ɗaya da wancan mai tumbin."

"Tumbin nan na halal ne, Mama!" in ji Vandi daga baya. Ɗakin ya kwashe da dariya.

Habibat ta tambayi kowannensu matakinsa. Na Vandi ya ɗara da ɗaya.

"Ni da aka ce in tafi Maiha in riƙe ofis, tafiya na yi," in ji Vandi. "Shi aka fara ba wa, ya ƙi."

"Me ya hana ka, Baba?" Habibat ta tambayi Kwaji.

Kwaji ya gyara zama, ya dubi silin. "Wata ce ta ce in na kai ta Maiha, wa zai sayi wainarta? Ta ce kwastomominta duk a Mubi suke."

Tsofaffi suka yi ta buga benci. Miriyamu ta koma ta zauna a hankali, tana gyara ɗankwalin da bai karkace ba.

A hanyar gida, da suka kusa kwanarsu, sai ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai ma wane irin namiji ne? Daga mace ta ce a'a sai ka zauna?"

"Na zauna mana."

Ta juya fuska gefe don kada ya ga dariyarta. Sai ta fara ba shi labarin rigimar da aka yi a coci kan sabon anko, tun daga farkonta.