Mai Karɓar Bashi a Ƙofar Haji Dulkamid

Sana'ar Lastri ita ce ta tabbatar albashin mutane bai yi latti ba. Ofishinta ɗaki biyu ne a saman wani shagon gyaran waya a Sidoarjo, kuma ƙananan masana'antun garin da ba sa son ɗaukar akawu su ke kawo mata aiki. Ita ke lissafa na kowa, ta cire haraji da kuɗin asibiti, ta ƙara wa wanda ya yi aikin Lahadi, ta tura wa banki, ranar biya kowa ya ji wayarsa ta yi ƙara. Masu suya da teloli da direbobi ba su san fuskarta ba, amma dai ba su taɓa kwana da zullumin albashi ba. Masu kwana da wannan zullumi su ne mata ukun da ke aiki a ofishin nata.

Da azumi ya kama sai abin ya ƙara nauyi, don kafin sallah dole mai kamfani ya ba ma'aikaci ƙarin albashin wata guda. Da shi ake sayen tikitin tafiya gida, a yi wa yara ɗinki, a riƙe ɗan abin da za a miƙa wa tsofaffi. Tun safe har la'asar matan nan suna zaune suna lissafa kuɗin sallar wasu, tsaf kuwa, babu kuskure, nasu kuma ko alamarsa. Lastri ta duba asusu ta sake dubawa, sai ka ce dubawar ce za ta sa ya haihu.

Ba aiki ne babu ba. Kuɗin na nan, a hannun Haji Dulkamid yake. Masana'antarsa ta kerupuk, wato soyayyen abin taunawa na garin rogo da jatan lande, wadda ƙarnin jatan landenta ke tarbar mutum tun daga gada, ita ce babbar mai kawo wa Lastri aiki, kuma tun babbar sallah bai biya ladan aikin ba. Duk wata tana aika masa takardar kuɗi, duk wata yana aiko da kwalin kerupuk da gaisuwa, a ce Pakde na sa mata albarka. Pakde take ce masa, don aminin marigayi babanta ne, matsayin yayan uba yake a wurinta ko da ba su haɗa jini ba. Shi ya kai ta makaranta a babur ranar farko, shi ya tsaya a kan jana'izar uban. Irin wannan mutum ba a duban idonsa a ce masa biya. Ta taɓa tunanin ta daina yi masa aikin, sai ta tuna ba shi zai ji a jikinsa ba, matan da ke tsaye gaban tafasasshen mai ne za su ji.

Kwalaye suka taru a bayan ƙofa har ƙofar ta daina buɗewa duka.

Ninik, babba a cikin matan, wadda 'ya'yanta ke can garin Ponorogo wajen kakarsu, ita ta fara gajiya da kawaici. Bu suke ce wa Lastri, wato uwar ɗaki.

"Bu, jiya na biya tasha na tambaya. Sun ce har yanzu ba su fara karɓar kerupuk a kuɗin mota ba."

Lastri ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ninik ta ce tunda bakin Bu ya yi nauyi, ai akwai masu hayar da nasu bakin. Ta san wani kamfanin karɓar bashi a bayan kasuwa.

Mai kamfanin, Pak Wiryo, ɗan siriri ne mai yawan turare. Ya ce zamanin buga tebur ya wuce, su ba sa zagi, ba sa taɓa kowa. Mutum guda suke aikawa, ƙato, da baƙar riga, ya je ƙofar wanda ake bi bashi ya zauna. Ba ya cewa komai sai gaisuwa. Masu saye su gan shi, maƙwabta su gan shi, surukai su ji labari. Kunya ke karɓo kuɗin, su nasu zama ne kawai. Abin da aka samo kuma, kashi ɗaya cikin huɗu nasu ne.

Ta sa hannu. Ta roƙi a zaɓo mai hankali, don tsohon na da hawan jini. Kada a ɗaga masa murya, kada a tare masa hanyar masallaci, in da hali ma kada a ce ita ta aiko. Pak Wiryo ya dube ta ta saman tabarau, ya ce yana da wanda ya dace. Aka kira Tarno. Sai da ya sunkuya ya iya shigowa, wuyansa kamar turmi, ya gaishe ta da hannu biyu idonsa a ƙasa.

Daga nan aka shiga jira. Duk sanda ta kira, Pak Wiryo na da albishir. Da farko ya ce yaronsu ya kama bakin ƙofa. Bayan nan ya ce an kai baranda. Daga baya ya ce ai yanzu har ofishin Haji yake shiga, Haji ma da sunansa yake kiransa. Lastri ta riƙa kwana da tausayin tsohon, tana hango shi ya takure a kujera, wannan ƙaton ya tokare masa ƙofa. Kuɗi kam shiru. Aka shiga goman ƙarshe, tikiti na ta tsada, matan ofis suka daina ko ba'ar, wanda ya fi ba'ar ciwo.

Ran nan bayan la'asar ta hau babur ta tafi ta ga abin da ake yi wa Pakde da sunanta.

Tarno ne ya buɗe mata ƙofar masana'antar. Babu baƙar riga. Shuɗiyar rigar masu gadi ce a jikinsa, sabuwa, maɓallan na neman tashi, ga usur rataye a wuya. Ya nuna mata inda za ta ajiye babur a inuwa, kusa da faifan gora da aka shanya kerupuk.

"Mas Tarno, ɗan'uwa, wannan rigar fa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi fa ya zauna yadda aka koya masa, wuni guda cur, fuska a ɗaure. Da magariba ta yi Haji ya fito da kansa, ya ce shi ba a yin azumi a ƙofarsa a buɗe baki da iska. Ya kama hannunsa ya kai shi tabarma. To ya ci, har da ƙari. Washegari ya zo da niyyar yin magana, sai Haji ya tambaye shi jikin mahaifiyarsa, har ya ba shi sunan wani mai tausa. Ana nan motar garin rogo ta maƙale a laka, ya tura. Sai tsohon mai gadi ya kwanta ciwo.

"Mutumin da ka ci abincinsa, Bu, ta ina za ka fara? Kuma nan albashi ba ya latti, kowa ya shaida. Pak Wiryo kuwa tun kafin azumi yake ce mini gobe."

Lastri ta sake duban rigar tasa. Ita ta san dalilin da ya sa albashi ba ya latti a nan.

Haji Dulkamid ya taso daga baranda da sandarsa, fuska cike da fara'a, babu alamar wanda aka takura. Ya ce ta rame, ya ce ta yi wuyar gani, ya tambayi mahaifiyarta da ciwon gwiwa. Sannan ya nuna Tarno da sandar.

"Yaron nan da kika aiko mini, Nduk 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ban ma faɗa miki ina neman mai gadi ba, kika gane da kanki. Ki sa shi cikin albashin wannan watan, kar ki manta masa kuɗin sallah."

Ta ce to, Pakde.

Suka zauna a baranda. Ya ba ta labarin tsadar man suya, da yadda shi da babanta suka taɓa faɗawa kududdufin jatan lande da keke ɗaya, da umarar da yake shirin kai iyali bayan sallah. Ita kuma tana ta jera maganarta a ciki, ta kawo ta bakin harshe, ta mayar. Rana ta yi ja. Mata suka kashe wuta, suka wanke hannu, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar masana'anta, don duk azumi tare suke buɗe baki, mai gida da ma'aikata. Aka zaunar da ita a gefen Haji. Aka ajiye mata shayi mai ƙanƙara, kofin na gumi, da kwanon kolak, ayabar ta nuna luguf cikin madarar kwakwa. Can ƙarshen tabarma ta hango Tarno ya naɗe ƙafa, ya zuba wa kwanonsa ido cikin natsuwa, sai ta ga kanta nan da ɗan lokaci kaɗan: ta ci, ta gode, an ɗaura mata kwali a bayan babur, gobe ta shiga ofis ta rasa inda za ta sa idonta.

Aka buga gangar masallaci, ladan ya kira. Hannuwa suka miƙa. Lastri ta buɗe jaka ta ciro 'yar robar ruwanta ta hanya, wadda rana ta riga ta ɗumama, ta yi bismilla ta kurɓa. Ba ta taɓa kofin ba, ba ta taɓa kwanon ba. Ta ɗora hannuwanta a cinya.

Matar da ke kusa ce ta fara lura, ta taɓa ta gefenta. Ƙarar cokula ta riƙa raguwa har ta ɗauke.

"Nduk, ba ki da lafiya ne?"

"Lafiya lau, Pakde."

"To ci mana. Ko ya yi zaƙi da yawa?"

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi tsit yadda har Tarno ya ji.

"In na ci, Pakde, ba zan iya faɗin abin da ya kawo ni ba. Matan ofishina ba su da kuɗin zuwa gida."

Haji ya ajiye cokali. Ya dubi kwanonta, ya dubi ma'aikatansa, duk suka sunkuyar da kai. Tun da yake, babu wanda ya taɓa zama a tabarmarsa ya sha ruwan da ya taho da shi daga waje, balle 'yar amininsa, balle da azumi. Ya ce shi da babanta ba su taɓa rubuta wa juna takarda ba. Ya ce takardun nan da take aikowa ya ɗauka na mutanen haraji ne, don su ga ana aiki. Ya ce da ta zo da bakinta tun farko, ai da ba a kai ga haka ba. Ta ce haka ne, Pakde, laifinta ne.

Ya ciro waya daga aljihun rigarsa, ya sa tabarau, ya daɗe yana latsawa da yatsa ɗaya. Bai tambaye ta nawa ne ba. Da wayarta ta yi ƙara a cikin jaka ta leƙa a ɓoye, sai ta ga daidai yake, har 'yan canjin da ita kanta sai ta duba take tunawa.

Ya tura mata kwanon.

"To yanzu ci."

Ta ci. Ya riga ya huce, ga shi hawaye na neman zubo mata, amma ta cinye tas, aka ƙara mata.

Da safe ko zama ba ta yi ba Pak Wiryo ya kira yana taya ta murna. Ya ce yaronsu na ciki ya kawo rahoto, ya ce ai ya faɗa mata hanyarsu ba ta taɓa ba su kunya ba, sai dai haƙuri. Ya tuna mata da kashi ɗaya cikin huɗu. Ta so ta ce masa yaron nasu yanzu usur yake busawa, ita ce ta yi zaman. Amma ta sa hannu, kuma ta san ɗacin aika takarda a yi shiru, ba ta son a ce ita ma ta zama irinsu. Ta biya shi a ranar.

Abin da ya rage ya ishi mata ukun, kowacce cif. Nata kason ne babu, amma mai kamfani ai ba a rubuta masa kuɗin sallah a doka ba. Ninik ta ruga tasha, ta tarar kujeru sun ƙare, ta samu 'yar kujerar roba a tsakiyar mota, ta kira daga can tana dariya ta ce ko a saman kaya ne za ta je.

Ranar sallah, bayan an sauko daga idi, Lastri ta sa rigarta ta bara ta tafi gidan Haji Dulkamid, don duk shekara da shi take fara gaisuwa. Yana zaune a falo da farar riga, 'ya'ya da jikoki sun yi layi, kowa na zuwa ya durƙusa ya nemi gafarar shekara. Da layi ya zo kanta ta durƙusa, ta kama hannunsa da hannu biyu, ta sunkuyar da goshi har gwiwarsa, ta roƙi Pakde ya yafe mata duk abin da ta yi masa, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba.

Tsohon ya ɗora tafinsa a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Na yafe miki, Nduk. Har na ranar nan ma na yafe, ban riƙe ki da komai ba. Ƙuruciya ce."

Lastri ta yi godiya. Abin da ya ba ta mamaki, da ta miƙe ta ba na bayanta wuri, shi ne yadda ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, irin na wanda aka yafe wa babban bashi.