Sai An Yanke Ƙyalle

"Ba a buɗewa sai an yanke ƙyalle," in ji Alhaji Harisu, shugaban ƙungiyar ci gaban garinmu, ya dafe aljihun da mabuɗin sabon asibitin yake ciki.

Ni kuwa ina riƙe da kurar ɗiban ruwa da na turo maƙwabcina Baba Mainasara a kai. Tun asuba amai da gudawa suka tasa shi gaba, idanunsa duk sun zurma. Matarsa, Inna Shatu, tana biye da mu ko takalmi babu. Motar garin da babura duk sun tafi hanyar Zango taryen babban baƙo, ba mai kai shi ko'ina.

"Harisu, ruwa kawai za a ƙara mashi," in ji Inna Shatu. "Likita ya ce akwai a ciki."

Hafizu, malamin asibitin da muke ce wa likita, ya sunkuyar da kai. "Akwai, ranka ya daɗe. In aka sa mashi yanzu zai tashi."

"Ya ɓata mana zanin gado kafin baƙo ya gani? Kun san wuyar da muka sha kafin a ba mu asibitin nan? Ku ɗan jira, suna hanya."

Wuyar da suka sha! Filin da aka gina asibitin gonar Baba Mainasara ce, wadda kakansa ya sara tun garin yana bukkoki. Da kowa ya noƙe, shi ya ce a ɗauka, ya gaji da ganin mata na mutuwa a amalanke kafin a kai Daura. Na faɗa musu haka, da ƙarfi ma na faɗa. Aka ce in rufa wa gari asiri, yau ranar farin ciki ce.

Inna Shatu ta durƙusa gaban mutumin da ta goya yana jariri. "Alhaji, don girman Allah." Ya juya yana duba yadda aka jera kujeru.

Muka koma gindin katanga. Rana ta take, makaɗa suka gaji suka zauna, 'yan makaranta suka yi ta maimaita waƙar maraba. Baba ya buɗe ido ya dubi ginin.

"Sun shafa mashi fenti," ya ce. "Ya yi kyau."

Ana kiran azahar ya cika. Ni na shafe masa ido. Inna Shatu ta buɗe baki za ta yi salati, sai ga jiniya daga bakin gari. Alhaji Harisu ya iso da gudu, babbar riga na jan ƙasa.

"Inna, Allah ya jiƙan shi, Allah ya ba da haƙuri. Amma don Allah kar a yi kuka yanzu. Ku bi da shi ta baya. Sai bayan la'asar a sanar."

Ta cire mayafinta ta rufe mijinta, ta kama gefen kurar.

Muka zaga ta bayan ginin, muna jin tafi da guɗa, an yanke ƙyalle. Daidai taga tayar kurar ta cije a yashi, na tsaya ina fama da ita. A ciki, ƙanen Alhaji Harisu, ƙato lafiyayye, yana kwance a farin gado ana ɗaukarsa hoto da baƙo.

"Lumshe ido, kamar kana jin jiki," in ji mai hoton, aka kwashe da dariya.

Hafizu ya rataye ledar ruwan, ya manna masa robar a hannu da filasta, ba allura. Inna Shatu ta tsaya tana kallo. Ruwan na bin yatsun ƙaton, yana ɗiga a sabon siminti.