Tsohuwar da ke Cikin Fim ɗin Yaya

A gidansu Auta ba a gama kallon fim a tashi haka nan, sai an yanke masa hukunci. Kawu ne alƙali. Shi ke fara ba da maki cikin goma, sauran su biyo baya. Na makon jiya uku ya ba shi, wai tun farko har ƙarshe ana tsere da mota, ba wanda ya tsaya shan mai. Mama kuwa takwas ta ba shi, don labulen falon jarumar ya burge ta. Wanda suka kalla kafin wannan, na koke-koke a asibiti, Kawu ya ce ko ɗaya ta yi masa yawa, tunda marar lafiyar ta fi likitan ƙiba da sheƙi.

Auta ba ta cika sa baki ba. Yawanci ma rabin fim take gani, domin ita ke kula da Kaka, mahaifiyar Mama da Kawu, wadda tsufa ya taɓa wa hankali. Ɗaki ɗaya suke kwana. Ita ke mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki.

Amma wannan Asabar ɗin daban ce. Fim ɗin Yaya ne, babban wanta, na farko da ya shirya da kansa. Bayan azahar ya iso da matarsa da kwalin lemo, ya haɗa wayarsa da talabijin yana ta washe baki.

"Kowa ya ajiye wayarsa kusa," in ji shi. "Ana gamawa ku shiga manhajar da na sa fim ɗin ku danna min tauraro biyar. Da shi suke duba fim. In taurari suka yi ƙasa, can ƙarshen layi za su jefa shi, inda ba mai gani."

"To, ranka ya daɗe, darakta," Kawu ya ce. "Amma ni fa ba a saye na da lemo."

Mama ta ce a fito da Kaka ita ma ta ga aikin jikanta. Auta ta kamo ta a hankali, ta zaunar da ita a kujerar da ke kusa da taga, ita kuma ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafafunta.

Fim ɗin na barkwanci ne. Da farko ba laifi: wasu 'yan haya ne ke ta rikici da mai gida. Can sai aka nuno uwar mai gidan. Wani ƙaton namiji ne aka ɗaura wa zani, aka barbaɗa masa hoda a ka, ya ranƙwafa yana karkarwa. Aka ɗaga matashin kansa, sai ga gutsattsarin burodi duk sun yi fumfuna suna zubowa. Ya daka tsalle ya tare su.

"Kar ku taɓa! Na maigida ne, bai dawo ba tukuna!"

Aka saki wata dariya ta inji, falon ma ya ɗauka. Auta kuwa ba ta yi dariya ba.

Maganar Kaka ce, ba ragi ba ƙari. Haka take ɓoye burodi a rigar matashi tana ajiye wa mijinta da ya daɗe da rasuwa. Auta ke kwashewa kullum da safe kafin kowa ya gani. Mutum ɗaya ta taɓa gaya wa. Watannin baya Yaya ya tsiri kiranta a waya, yana cewa, "Ya jikin tsohuwa? Me ta yi yau? Gaya min duka, kar ki riƙe a ranki." Ta ji daɗi har da ƙwalla, ta ɗauka a ƙarshe an samu wanda zai taya ta ɗaukar nauyin. Ta yi ta zuba masa.

Ga shi nan duka a talabijin. Ga ranar da Kaka ta gaishe da matar cikin madubi ta ce mata ta zauna. Ga ranar da ta sa takalmi a tukunya. Sannan aka zo wurin da Auta ke ta fatan kar a zo. Ƙaton ya tsaya a bakin banɗaki, ruwa ya bi zaninsa, kyamara ta matso har kan jiƙar, aka buga wani ɗan kiɗa na shaƙiyanci, 'yan hayar suka toshe hanci suka watse. A ranar da abin ya faru da gaske, Kaka kuka ta yi kamar ƙaramar yarinya, ta riƙe hannun Auta tana cewa, "Don Allah kar ki gaya wa kowa."

Kawu na dukan cinya, lemo har ya sarƙe shi. Matar Yaya ta ce, "Nan ne mutane suka fi so. An yanko wurin, sai yawo yake a waya."

Auta ta saci kallon Mama. Dariyar Mama ta tsaya a rabi, tana ta murza bakin mayafinta. Ta gane. Amma da Yaya ya waiwayo, sai ta sake buɗe haƙora.

Auta ta kawar da kanta daga talabijin.

Sai ta ji yatsun Kaka a kafaɗarta.

"Yarinya," Kaka ta ce, idonta a kan talabijin, "wannan baiwar Allah ba ta da kowa ne? A miƙa mata zani mana."

"Ku ji Inna!" Kawu ya ƙara fashewa. "Wallahi darakta, wannan ma ka sa a na gaba."

Da aka gama, Kawu ya gyara zama ya ce tara. Ɗayan ya cire ne don kiɗan ya cika ƙara. Matar Yaya ta ce goma. Mama ta ce, "Allah ya yi albarka," ta miƙa wayarta aka danna mata. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba taurarin da idonsa, har ya iso kan Auta.

"Autar Mama, ke ya kamata ki fi kowa murna. Rabin labarin naki ne. Kashi na biyu na tafe, ki ci gaba da tara min."

Ta buɗe wayarta. Ga hoton ƙaton da hodarsa, ga taurari biyar a jere a ƙasa. Ita da ko ƙara gishiri ba ta iya cewa a yi, yau ga ido duk a kanta. Ta sa yatsa a na farko, ta aika.

Yaya ya leƙa. "Kin yi kuskure. Goge ki sake."

"Ba kuskure ba ne." Auta ta ɗago kai. "Na duba ko akwai ƙasa da ɗaya, babu."

Yaya ya zaro ido.

"Ke kina da hankali kuwa? Kin san wahalar da na sha?"

"Lallai," matar Yaya ta ce, ta taɓe baki. "Ashe shiru-shirun na munafunci ne."

"Auta, yayanki ne fa," Mama ta ce a hankali.

"Ita kuma mahaifiyarki ce, Mama."

Yaya ya ja tsaki. "Wa zai san ita ce? Na faɗi suna? Ita kanta ba ta gane ba!"

"Ni na gane. Mama ta gane. Kai ma ka sani. Ta roƙe ni kar na faɗa, ni kuma na faɗa maka don na ɗauka tausayinta kake ji."

Kawu ya ajiye kwalbarsa. "Wai tsaya, Innata ce wannan?"

Kaka ta ja gefen rigar Auta, ta raɗa mata abin da ita kaɗai ta ji. Auta ta cusa wayar a aljihu, ta sa hannu a hammatarta ta ɗago ta. Yaya ya tare hanya.

"Ki gyara tukuna."

"Banɗaki za ta shiga, Yaya. Ko ka riƙe mata ɗaya hannun, ko ka ba mu wuri."

Ya dubi tsohuwar, ya dubi farar rigarsa, ya matsa gefe.

Suka bi ta lungun a hankali, Kaka na jan ƙafa, Auta na cewa, "Sannu, saura kaɗan." Sun isa a kan lokaci. Tana tura ƙofar ta jiyo matar Yaya na cewa a mayar da shi wurin madubin, Kawu bai gani da kyau ba. Sai muryar Mama ta biyo baya, da ƙarfin da Auta ba ta saba ji ba.

"Ku kashe min talabijin ɗin nan."