Tsuntsuwa a Cikin Duriyan Mai Ciwo

Ni na gano ciwon. Na tona gindin tsohuwar bishiyar duriyan da ke bakin gonar robarmu, sai ga farar fumfuna ta nannaɗe saiwoyin kamar zare. A jami'a an koya mana halinta: ta ƙarƙashin ƙasa take bi, daga saiwa zuwa saiwa. A sare, a tumɓuke, a ƙone, shi ke nan maganin.

Washegari Kawu Darwis ya zo da injin yankan itace. Yana cikin zuba mai muka ji fukafukai kamar ana kakkaɓe tabarma. Namijin enggang ne, ƙaton tsuntsun nan mai ƙaho a saman baki. Ya maƙale a jikin duriyan, ya cusa ɓaure ta wata 'yar tsaga. Wani baki ya karɓa daga ciki.

Macen takan liƙe kanta a kogon bishiya da laka, ta zubar da gashin fiffike, har ɗanta ya girma. Ko an buɗe mata yanzu, ba za ta iya tashi ba.

"Kawu," na ce, "akwai mace a ciki."

"To, malamar jami'a! Jiya kin ce a sare, yau kuma tsuntsu ya zama surukinki?"

Baba, da ke tsaye a gefe, bai yi dariya ba. "Wata nawa za ta yi, Yusnita?"

"Uku, wataƙila."

"Fumfunar fa?"

"Ba ta jira."

Shekara shida rabonmu da ganin enggang. Ɗa ɗaya takan raina a shekara, in an yi sa'a. Fumfuna kuwa kullum ƙaruwa take, ba mai ganinta.

Na ce mu haƙa rami mu zagaye bishiyar, mu datse saiwoyin don kada fumfunar ta kai ga robobi. A yini na biyu, ta ɓangaren roba, na kankare wata saiwa da farce. Fari fat. Fumfunar ta riga ta ƙetare. Ba wanda ya gani. Na daɗe da ƙafata a kan wurin, sannan na kira Baba.

Ya duba, ya ɗaga kai ya kalli robobi huɗu na layin farko, waɗanda suka dasa da Inna.

"Darwis, ta da injin. Waɗannan huɗun."

"Haba Yaya! Masu ba da ruwan roba za ka sare, ka bar mai mutuwa?"

"Kayar da su can gefe."

Ƙarar injin ta kori namijin. Muka zauna a bakin ramin, idona a kan tsagar. Sai bayan la'asar muka ji fukafukan nan masu kama da kakkaɓe tabarma daga nesa.