Talatar da Na Kashe Sola

Kwanana arba'in cikin takabar Kyari lokacin da na fara zargin akwai ido a gidana. Yaya Laminu, wan marigayin, ya kira ni daga Nguru, muka gaisa, sai ya ce, "Yagana, jiya kin sha guga har la'asar. Mai takaba kwalliyar me za ta yi?"

Kayan makarantar yara na goge. Amma wa ya gaya masa? Na zargi Radiyya maƙwabciyata, na kwana biyu ina amsa sallamarta a daƙile, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba. Can na tuna ranar da aka haɗa mana sola. Mai haɗawar ya sa wa Kyari wani abu a waya mai nuna wutar da gidan ke ci awa bayan awa, Kyari kuwa, da ba ya iya ɓoye wa ɗan'uwansa komai, ya ba shi lambar sirrin.

Ranar Talata, ranar kasuwar Nguru, na kashe solar tun da hantsi. Na aika aka ɗauko mini Hajja, mahaifiyarsu, daga Katuzu. Muka yini a zafin Gashuwa da mafici, tana mita, ina ba ta haƙuri wai na'urar ce ta lalace.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Yaya Laminu ya tura hoton da ke nuna gidana bai ci wuta ba a zauren dangi na waya, mutum talatin da ɗaya, ya rubuta: "Gidan Kyari ba kowa tun safe. Mai takaba ta tafi kasuwa."

Raina ya ɓaci. Na karanta wa Hajja, ban rage ko harafi ba. Ta ajiye maficin, ta ce in danna mata wurin magana.

"Laminu, ni ce kasuwar. Tun safe ina gabanta, gumi ya jiƙa mu. Wayarka ta ga fanka, ba ta ga uwarka ba."

Washegari mai solar ya zo, na yi masa magana ta bayan labule ya canza lambar. Ya ce wa za a ƙara a kai, na ce ba kowa. Mai lambar na farko yana kabari, shi kaɗai na yarda ya san lokacin da nake kunna fitila.